Kabewar Mama Yelwa

Duk wanda ya ce Justina ba ta san aikinta ba, a turo mini shi, ni Angelina, in wanke shi tas. Tare muka taso a Kafanchan, tare muka yi ƙungiyar mawaƙa a majami'a tun muna 'yan mata. Ni na bi aikin jinya har ya kawo ni wani asibiti a Oxford Road, cikin birnin Manchester. Ita kuwa kiɗa ta bi, ta karance shi ciki da bai, har ta zama malamar goge a makarantun Manchester. Ba gogenmu na gida ba, na Turawa, wanda ake dannewa da haɓa.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Gwamnati ta ce babu, kansil, wato ƙaramar hukuma, ta ce babu. Aka rufe ɗakunan karatu, aka rufe wuraren wasan yara, malaman kiɗa kuwa su aka fara nuna wa ƙofa. Justina ta wayi gari ba ta da aiki. Na je mata jaje da kular tuwo, ina ta shirya kalaman lallashi a bas, sai na tarar da baiwar Allah ta miƙe ƙafa a kujera tana ta buga waya.

"Ke, lafiyarki ƙalau kuwa?" na ce. "An kore ki daga aiki kina hira?"

"Angelina, zauna ki ji," ta ce. "Aikin suka karɓe, ba su karɓe hannuwan ba. Duk abokan aikina suna gida suna kallon bango. Ubangiji ya tara mini makaɗa, ni kuma zan kai masa su."

Haka ƙungiyar ta fara. Ikilisiyarmu ta masu jin Hausa tana hayar wani tsohon zaure a Rusholme, bayan Wilmslow Road, inda ƙamshin gasasshen nama ke shigo mana har cikin wa'azi. Dattawa suka ba Justina zauren duk ranar Asabar da rana. Da farko ba su cika benci ɗaya ba. Akwai wani tsohon Bature mai busa ƙaho, Mista Ogden, wanda shi ma aka sallama. Akwai wata baiwar Allah 'yar asalin Jamaika mai babban goge, irin wanda ake rungumewa a zaune. Sai ɗaliban jami'a 'yan kaɗan. Daga nan Justina ta shiga bin gidajenmu ɗaya bayan ɗaya, tana zaƙulo sarewa da goge daga ƙarƙashin gadajen 'ya'yanmu, waɗanda suka fara koyo a makaranta aka yanke musu darasin.

Ni kuwa tulu nake bugawa a Zumuntar Mata, tulun ƙasa da ake dukan bakinsa da soso ya ba da amon da ke ratsa ciki. Na ce mata ni ban san ko alif a takardar kiɗa ba, ta rabu da ni. Ta ce in babu tulu ba kiɗanmu ba ne, ta ja ni da ƙarfin tsiya ta zaunar da ni a gefe.

Waƙoƙinmu na baka, waɗanda muke ɗauke da su a ka tun daga gida, ta bi su ta rubuta wa kowa nasa. Makaɗa su zauna ido a takarda, ita kuma ta hau wani ɗan akwati a gabansu, ta ba jama'a baya, tana kaɗa 'yar siririyar sanda. Ta ce haka ake yi a duk duniya. Ranar da muka fara yi a Kirsimeti, sai da na ga manyan mata suna share hawaye da bakin zane. Ni kaina tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba.

Mutum ɗaya ne bai ce madalla ba, Baba Salihu, babban dattijon ikilisiya. Mutumin Wusasa ne, injiniya da ya yi ritaya, ba ya ɗaga murya kuma ba ya maimaita magana. Bayan sujada ya tsayar da Justina a bakin ƙofa.

"Daɗi kam akwai daɗi, 'yata," ya ce. "Amma na ga mutane sun zauna suna kallo, da kuka gama suka tafa. A gaban Ubangiji babu ɗan kallo."

Na ji haushin maganar, na ce wa Justina tsufa ne kawai. Ita kuwa ta yi dariya ta ce zai saba.

To, mu da 'yan'uwanmu na Birmingham muna haɗuwa duk shekara a yi godiyar kaka tare, bana a nan, baɗi a can. Ba mu da gona a ƙasar nan, don haka buhun shinkafa ake kawowa, da galan ɗin mai, da gwangwanaye, a kwashe duka a kai rumbun abinci na unguwa, inda ake raba wa mabuƙata. A shekarun nan layin rumbun har kwana yake sha, baƙaƙe da farare, wasu ma da kayan aiki a jikinsu.

Kuma a wurinmu ba a kai baiko da tafiya. Da rawa ake kaiwa. Ka taso daga ƙofar baya, ka bi tsakiyar majami'a kana takawa har gaban bagade, ka ajiye abin da ka kawo, ka dawo da rawa ka zauna. Yara su fara, sai matasa, sai maza, sai mata, tsofaffi su rufe. Waƙa ba ta tsayawa sai na ƙarshe ya zauna. Ba wanda ya taɓa koya wa wani wannan, don ba abin da ake faɗa ba ne, kowa ya tashi ya ga ana yi.

Mai rufewa kullum ita ce Mama Yelwa ta Birmingham. Gwauruwa ce da ta haura saba'in, ta zo rainon jikoki a gidan 'yarta Celestina a Selly Oak, zama ya miƙe. Duk cikinmu ita kaɗai ke kawo abin da hannunta ya noma. Tana da ɗan fegi a filin da kansil ke bayarwa haya kusa da layin dogo, maƙwabciyarta a filin, Hajiya Rabi'a, ta ba ta irin kabewa daga Funtuwa. Duk shekara sai ta zaɓi wadda ta fi girma, ta naɗa gammo, ta ɗora a ka. Gwiwoyinta sun gaji, asibiti sun ce ta jira aiki, tana ta jira. Saboda haka rawarta a hankali take, ƙafa ɗaya ta sauka ta huta kafin ɗaya ta tashi, mata na binta da guɗa.

A kakar da ta biyo bayan Kirsimetin nan godiyar a Manchester aka yi, aka ba ƙungiyarmu waƙar baiko. Justina ta zauna ta tsara ta da tsayi sosai, ta yi mata ado iri-iri, ta ɗora mata wani ƙarshe mai tashi sama, inda ƙaho da goge da sarewa za su hau tare su dire a bugu ɗaya. A koyo kam abin ba a magana.

Ranar zauren ya cika maƙil. Yara suka wuce, matasa suka wuce, maza, mata. Kiɗa ya yi ta sauya riga, yana hawa yana sauka, har mutane suka rasa inda za su shiga da murya, suka saki waƙar suka bar mana. Ni ina gefe, ina hango hanya. Na ga Mama Yelwa ta taso daga ƙofa da kabewa a ka. Na waiga na ga makaɗa sun buɗe shafin ƙarshe.

"Justina!" na ce ƙasa-ƙasa. "Justina, saura Mama!"

Ina! Idonta na kan Mista Ogden, hannunta na sama, ƙaho ya cika zauren. Kiɗa ya hau, ya hau, sanda ta sauko, ɗif! Shiru.

Mama tana daidai tsakiyar hanya, ƙafa ɗaya a sama, hannu a kan kabewa. Wasu ɗalibai suka fara tafi kamar an gama wasa a dandali. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya. Kafin wata daga cikin mata ta farga ta ɗaga waƙar da baki, Mama ta sauke ƙafarta, ta sauke kabewar daga kai ta rungume ta. Ta taka da tafiya, tafiya zalla irin ta wadda ta dawo daga kasuwa, ta ajiye a gaban bagade. Ba ta koma kujerarta ba, ta bi ƙofar gefe ta fita.

Justina ta juyo da murmushi don ta karɓi godiya, sai bayan Mama ta gani yana fita.

Dattawa suka zauna a kan maganar. Wasu suka ce a rushe ƙungiyar a ranar, a koma wa tulu da ganga. Baba Salihu ya ce ba a yanke hukunci da zafin rai. Ya kira Justina, ni kuma na bi ta don ba zan bar ta ita kaɗai a gabansu ba.

"Mama Yelwa ta ce ba ta ƙara taka rawa ga gogenku," ya ce. "Baɗi godiya a Birmingham za a yi, ku za ku yi waƙar baiko. In uwarmu ta kasa kawo wa Ubangiji baikonta saboda ku, to ba ku da aiki a sujada. Ranar za mu karɓi makullin zaure."

"Na ji, Baba," in ji Justina. Ko gezau ba ta yi ba.

Muna fita na balbale ta da faɗa. "Na ji, Baba! Kin san Mama Yelwa kuwa? Matar da ta yi shekaru ba ta cin shinkafar surukinta don ya taɓa ce mata ta cika gishiri?"

"Ki nemi hutu ranar Laraba," ta ce. "Birmingham za mu."

Muka hau jirgin ƙasa, muka shiga bas ta Bristol Road. Celestina ta ce Mama tana fegi. Muka same ta a sunkuye tana tattara busassun yaɗon kabewa, ga yayyafi, ga sanyi mai shiga ƙashi. Justina ba ta duba taɓo ba, ta zube gwiwa biyu a gabanta.

"Mama, na ba ki kunya a gaban jama'a. Ki yafe mini."

"Tashi, 'yata, za ki ɓata zanenki," in ji Mama. "Na yafe tun ranar. Amma yafiya daban, rawa daban."

"Mama, baɗi zan ƙara wa waƙar tsayi, zan ninka ta."

Mama ta yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Ni ba don mutane nake rawar nan ba. Daga ƙofa zuwa bagade hira nake da Ubangijina. Ina faɗa masa ya raya ni, ya raya Celestina, ya ba ni ruwa, ya kori tsutsa daga gonata. Wata shekarar hirar gajeriya ce, wata shekarar doguwa. Ranar ina tsakiyar magana aka katse ni." Ta share hannu a zane, ta dubi Justina. "Ke kuma, tun da na shiga zaurenku ban ga fuskarki ba. Ƙeyarki kawai na gani."

Ta ba mu shayi a gida, ta tambayi lafiyar yarana, ta sa mana albarka. Maganar rawa kuwa ba ta sake ɗagowa ba.

A jirgi Justina ta kafa kai a taga har muka yi nisa. Na ɗauka kuka take, na fara laluben hankici. Sai ta juyo idonta a bushe.

"Zan juya," ta ce.

"Ki juya ina? Mun kusa gida."

"Fuskata zan juya, Angelina. Mai ba da waƙa a gida hanya take kallo, ba bango ba. Na sani sarai, na bar shi a Kafanchan na ɗauko na makaranta. To, yanzu duka biyun zan haɗa, kuma za su haɗu."

Asabar ta gaba ta tara mu ta ce daga yau jama'a za ta fuskanta, makaɗa su bi hannuwanta daga baya. Waƙar baiko kuma ba ta da shafin ƙarshe. Kowa ya haddace nasa, za ta yi ta zagayawa, in masu ƙaho sun gaji masu goge su ɗauka, in su ma sun gaji masu sarewa su karɓa, har sai na ƙarshe ya zauna.

Mista Ogden ya yi ja har kunnuwa. Ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin mai sanda ya ba makaɗa baya ba. Ya tambaya, to yaushe za a tsaya?

"Sai an gama," in ji Justina.

"Yaushe ake gamawa?"

"Ban sani ba. Ba ni ke sani ba."

Bature ya riƙe kai. Ni kuwa dariya har da riƙe ciki.

Sannan ta kirawo matan Zumunta su riƙa zuwa koyo suna bin hanya yadda suka ga dama, wata da gudu, wata kamar ba za ta iso ba. Ni aka ba wa aikin Mama. In naɗa gammo, in ɗora matashin kai, in taho ina jan ƙafa, in tsaya a tsakiya in gaisa da wata, in koma baya kamar na manta jaka. Sau da yawa kiɗan ya watse, wannan ya nufi gabas wancan yamma. Wasu ɗalibai suka ce wannan ba kiɗa ba ne, hauka ne, suka naɗe kayansu suka tafi. Justina ta raka su har ƙofa ta yi musu godiya, ta dawo ta ce a ɗauka daga farko. Leɓɓan Mista Ogden suka kumbura, ya yi ta ƙunƙuni, amma ko Asabar ɗaya bai fasa zuwa ba.

Ta kuma sauke kiɗan ƙasa da muryar mutane. "Mu tabarma ne," take ce mana. "A kanmu jama'a za su zauna, ba mu za a rataye a bango ana kallo ba."

Abin mamaki, maimakon mu ragu sai muka ƙaru. Da aka daina dogara ga takarda, masu kunne waɗanda ba su iya karatun kiɗa ba suka samu ƙofa. Wani direban bas ya zo da molonsa, matan Zumunta suka shigo da kuge da caki suka zauna daram tsakanin masu goge. Matasan Birmingham suka ji labari suka ce su ma ba za a bar su a baya ba, Justina ta riƙa bin motar haya mai araha tana zuwa koya musu. Kafin damina ta fita benci ya daina isarmu, sai da aka aro kujeru. Ranar Lahadi kuma tafi ya ragu, waƙa ta ƙaru. Na ga Baba Salihu ya lura.

Labarin Selly Oak ne dai ba daɗi. Celestina ta ce mini a waya gwiwar Mama ta ƙara tsanani, har yanzu ba a kira ta aiki ba, yanzu da sanda take tafiya. Kabewa ta yi kyau bana, amma Mama ta ce wani za ta ba ya kai mata gaba.

Na faɗa wa Justina. Ta ce, "Za ta zo majami'ar?" Na ce za ta zo. Ta ce, "To, ya isa."

Ranar godiya muka cika doguwar mota da mutane da kayan kiɗa, tuluna a cinyata na naɗe shi da bargo kamar jariri. Zauren Selly Oak ya fi namu tsawo. Mama tana can benci na ƙarshe kusa da ƙofa, sanda a jingine, kabewa a ƙasa kusa da ƙafarta. Baba Salihu yana gaba tare da fasto, cikin babbar riga fara.

Lokacin baiko ya yi. Justina ba ta hau akwati ba. Ta tsaya a ƙasa, makaɗa a bayanta, fuskarta na kallon ƙofa, ta ɗaga waƙar da bakinta: "Abin da hannuna ya samo, Uba, ga shi na kawo." Jama'a suka amsa, kiɗa ya shigo ƙarƙashinsu a hankali. Yara suka taho a guje, ta ɗaga kiɗan ya bi su. Maza suka taho da buhuna a kafaɗa, ta ba su ƙaho. Da mata suka taso, kai, zauren har girgiza yake. Tsofaffi suka biyo baya, suka ajiye, suka koma. Na ƙarshe ya zauna. Mama Yelwa ba ta motsa ba.

Baba Salihu ya ɗaga hannu, alamar a tsaya. Justina ta gan shi, ta rusuna masa da kai, hannunta bai sauka ba.

"Ke," na ce ta gefen baki, "kin ga Baba fa."

"Na gan shi. Saura mutum ɗaya. Buga."

Na tsorata, ba zan yi ƙarya ba. Wanda zai iya karɓe makullin zaure ya ce a tsaya, kin ƙi. Amma na buga. Ta yi wa masu ƙaho alama suka yi shiru, masu sarewa suka bi su, ƙananan goge suka janye. Ya rage babban gogen nan da tuluna, sai muryoyin mutane ƙasa-ƙasa. Waƙa ta zagayo, ta sake zagayowa. Dantsena ya fara zafi. Mutane suka soma waige-waige, wasu sun gane, wasu ba su gane ba. Baba Salihu ya miƙe fuska a ɗaure, ya bi tsakiyar hanya ya nufi ƙofa. Na ce a raina shi ke nan, zai buɗe ƙofa ya sallami taro, mu kuma mu naɗe tabarmarmu.

Justina ba ta kira sunan Mama ba, ba ta yafito ta ba. Tsayawa kawai ta yi tana waƙa, tana kallonta. Mama ma kallonta take, ta daɗe tana kallo. Can sai na ga ta cire mayafinta tana naɗa gammo.

"Celestina, ɗora mini," ta ce. Da yake kiɗa ya yi ƙasa, har gaba muka ji.

Ta miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a kabewa, ɗaya a sanda. Ta gwada takawa, abin ya ƙi, ba a rawa da sanda da kaya a ka. Daidai nan Baba Salihu ya iso. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta miƙa masa sandar.

"Riƙe mini, Salihu."

Ya karɓa. Babban dattijon ikilisiya, da babbar rigarsa, ya koma bayanta riƙe da sandar tsohuwa, ɗaya hannun a buɗe ko da za ta faɗi.

Ƙafar Mama ta tashi, hannun Justina ya tashi. Ƙafar ta sauka, hannun ya sauka, tuluna ya ce dum. Haka muka riƙa binta, ba sauri, ba nawa, duk inda ta ajiye ƙafa a nan kiɗa yake. Ƙananan goge suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso tsakiyar hanya sai ta tsaya cak, ta rufe ido, leɓɓanta na motsi. Justina ta buɗe tafin hannu ta riƙe shi a sama, masu goge suka ja sauti ɗaya suka riƙe, suka yi ta riƙewa, wannan ya gaji wancan ya karɓa, ba a ji ko tsaga ba. Mama ta yi hirarta har ta ƙoshi.

Da ta buɗe ido ta ɗaga ƙafa, Mista Ogden bai jira alama ba, ya saki ƙaho. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Waɗanda suka zauna suka sake miƙewa, masu kuka na yi, masu rawa na yi. Ni kaina ina buga tulu hawaye na zuba a bakinsa, farin ciki kamar ya fasa mini ƙirji. Na hango Baba Salihu a bayan Mama, wai ashe ya iya rawa, kafaɗa na motsi a cikin riga.

Ta sauke kabewarta a gaban bagade da hannunta. Ta juya, ta dawo da rawa har bencinta, ta zauna. Kiɗa bai tsaya ba. Justina ta sauke hannuwanta duka biyu ta bar su a gefe, tana kallon Mama. Makaɗa suka rasa sandar da za su bi, sai duk suka ɗaga ido ta saman kafaɗarta zuwa benci na ƙarshe. Mama ta gane. Ta ɗaga hankicinta sama, ta bari waƙar ta zo ƙarshen baiti, sannan ta sauke. Ƙaho da goge da sarewa da tulu muka dire tare, ɗif.

Ba wanda ya tafa. Muryar Baba Salihu ce ta ce, "Amin," jama'a suka amsa.

Da ya hau yin sanarwa har yanzu sandar Mama na hannunsa, ya manta bai mayar ba. Ya faɗi inda za a kai kayan abinci, ya faɗi masu wanke kwanuka. Sai can ƙarshe, kamar abin da ba shi da muhimmanci, ya ce, "Masu kiɗa, Asabar kamar kullum. A nemo musu ƙarin kujeru."

Bayan an tashi Mama ta aiko a kira Justina. Ta je ta durƙusa a gaban benci. Mama ta sa hannu biyu ta tallafo haɓarta, ta juya ta wajen hasken taga, ta ƙare mata kallo.

"Ashe haka fuskarki take, 'yata," ta ce.